Hanyar da Na Share da Tsintsiya a New Bell

Ni ne ban kyauta ba. Gara in fara da wannan, don wanda ya ɗauki takardar nan ya san ba labarin bajinta zan ba shi ba. Tun da na dawo daga Duwala ba a bar ni na taka keken ɗinki cikin natsuwa ba. Wanda ya kawo ɗinki sai ya zauna a benci ya ce, to Malam Isyaku, yaya Kamaru? Wani ya tambayi teku, wani ya tambayi abinci. Alhaji Buba mai yadi kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum: ina jikar da ka ci alwashin dawowa da ita? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina tsallake inda ya taɓa ni, shi ya sa na zauna na rubuta shi duka. Ni tela ne a nan Gombe, bokona a aji huɗu ya tsaya, a yi haƙuri da rubutun.

'Yata ta fari ce ke aure a Duwala. Kun san al'adarmu, ba a kiran sunan ɗan fari. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna bakina bai taɓa faɗinsa ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". A nan zan kira ta uwar Binta. Mijinta Mamman Sani haifaffen New Bell ne, kakansa ne ya je can fataucin goro daga Zazzau bai dawo ba. Ya yi karatun Faransanci, yana aiki a ofishin wani kamfani mai fito da kaya daga tashar jirgin ruwa. 'Yarsu Binta shekararta huɗu da 'yan watanni.

Abin da ya tayar da ni hoton bidiyo ne da suka turo wa uwargidana Hajara. Wai Binta ce a makaranta. Na duba, sai na ga yarinya tana zuba ruwa daga 'yar buta zuwa kofi, ta mayar, ta sake zubawa, har hoton ya ƙare. Na biyu kuma tana tsince wake daga cikin masara. Na kira uwar na tambaye ta ina allon bango, ina malamin da ke faɗa suna amsawa? Ta ce a makarantar yaro shi ke zaɓen abin da zai yi, malama tana kallo. Na ce to ashe aikatau kuka kai ta. Na faɗi maganganu a kan mijinta waɗanda ba zan maimaita ba, na rufe da cewa ina nan zuwa in ɗauko yarinyar in sa ta makarantar kirki. Hajara ta ce da ni, ni da ba na sa almakashi a yadi sai na auna, yaya zan yanke wannan daga hoton waya? Ban saurare ta ba. Na sa allo sabo da tawada a jaka, na ɗora wata 'yar dorina da na saya a kasuwa, na kama hanya.

Daga Gombe na sauka Yola, na kwana gidan wani abokin sana'a a Jimeta. Washegari muka nufi iyaka cikin wata mota da aka tsara mu kamar buhuna. A ɓangaren Kamaru aka duba takarduna da katin rigakafi, sannan wani jandarma matashi ya buɗe jakata. Ya ɗaga allon, ya mayar da shi da ladabi. Ya ɗaga dorinar, ya juya ta, ya leƙa bayana, ya tambaye ni da Fulatanci ina dokin yake. Na ce ba doki, ta jikata ce. Ya tambayi shekarunta. Da na faɗa masa sai ya mayar da dorinar cikin jakar da yatsu biyu kamar wanda ya ɗauki mataccen ɓera. 'Yan motarmu suka yi ta dariya har Garwa. Ni kuwa na ɗaure fuska, ina ganin raini ne irin na 'yan zamani.

A Garwa na fara cin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa tauri cikinsa iska. Ɗan Fulatancin da muke ji a Gombe ya yi mini rana, don daga can har Ngaundare da shi ake ciniki. Ngaundare gari ne mai sanyi, can na shiga jirgin ƙasa, na farko a rayuwata. Kusa da ni wata mata ce da ɗanta ɗan shekara biyu. Ta sayi ayaba ta taga ta miƙa masa, yaro ya yi ta fama da ɓawon, ya ciza nan ya matsa can, uwar tana kallon daji abinta. Abin ya dame ni, na karɓe na ɓare masa na miƙa. Yaron ya dubi ayabar, ya dube ni, ya jefar da ita ya fasa kuka. Uwar ta yi murmushi ta ba shi wata da ɓawonta. Da ina da hankali da na ɗauki darasi tun a nan. Abin da na ce a raina shi ne yaran ƙasar nan ba su da tarbiyya.

Duk garin da na sauka sai uwar Binta ta bugo waya: Baba, ina kuka kai, Binta ce ke tambaya. Sai in faɗi sunan garin a gajarce in kashe. Yola, iyaka, Garwa, Ngaundare, Yawunde. Daga Yawunde babbar mota ta kai mu Duwala cikin ruwan sama irin wanda ban taɓa gani ba, ba iska ba tsawa, zuba kawai kamar an kifar da randa.

Mamman Sani ya tarye ni a tasha, ya durƙusa cikin caɓi da wandonsa na ofis. Motar haya ta kai mu bakin unguwa, daga nan sai babur, su suna ce masa bensikin. Na hau da babbar riga, na riƙe hula da hannu ɗaya, ɗayan ina riƙe da rigar mai babur ina salati. New Bell unguwa ce mai lunguna, kwata a ƙofar kowane gida da katako a kai don tsallakawa. Amma da muka shiga ɓangaren Hausawa sai na ji kamar gida: kiran salla, masu goro, masu tsire da suke kira soya. Hausarsu ce ke ba ni dariya. Mutum zai fara da sannu da zuwa, ya bi ta Faransanci, ya ɗan taɓa Turancin buroka, ya dawo ya rufe da Allah ya kiyaye, shi kuwa bai san ya yi tafiya ba.

Aka sauke ni a ɗakin marigayi mahaifin Mamman Sani. Aka kawo miyar shuwaka da gyaɗa da suke kira ndole, da wani abin rogo siriri da aka naɗe a ganye aka ɗaure da zare. Na ɗauka kamar alala ce, na kwance na ciza, sai na ji abu yana ja kamar roba. Kwana biyu kafin bakina ya saba, daga baya har nema nake yi.

Binta ta leƙo daga bayan labule. Na ce a'a, wannan ce amaryar tawa, 'yar firit haka? Ta ce ita ma ba ta san angon ya tsufa haka ba, haƙoransa nawa suka rage? Muka yi ta wasan kaka da jika, ta hau cinyata tana lissafa maɓallan rigata, ta kai har bakwai ba kuskure. Sannan ta raɗa mini a kunne cewa tana da abin da za ta nuna mini, amma bai ƙare ba, saura abu ɗaya, sai gobe.

Ni mutum ne da ba na iya zama bayan sallar asuba. Shekara arba'in abin da nake fara yi shi ne share shago. Da gari ya waye na fito baranda, sai na ga wata 'yar tabarma a lungu, bisa kanta tarkace: marafan kwalba, ƙwallayen dabino, kwalayen ashana, tsakuwa, guntun igiya. Na ce a raina ga irin ƙazantar da ake samu in an bar yaro da son ransa. Na ɗauki tsintsiya na tattara, na ɗaga tabarmar na kakkaɓe a kwata. Ruwan daren jiya yana gudu da ƙarfi, kafin in ajiye tsintsiyar komai ya wuce. Na naɗe tabarmar na jingine, ina jin na yi aikin kirki.

Binta ta fito tana murza ido, ta nufi lungun kai tsaye. Ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi wurin, ta dubi tsintsiyar da ke gefena, ta juya ta shige bayan uwarta ta ɓoye fuska a zaninta.

Uwar ce ta yi mini bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. Hanyata ce na share. Tun ranar da aka ce Kaka ya taso, yarinyar ta shimfiɗa tabarmarta ta fara gina hanya daga Gombe zuwa Duwala. Ba wanda ya sa ta. Duk garin da na faɗa a waya sai ta ajiye marfi ɗaya, ƙwallayen dabino su ne kwanakin da na yi, kwalayen ashana jirgin ƙasa, igiyar kuwa kogi ne, don ubanta ya gaya mata akwai kogi a Garwa. Kullum sai ta ƙirga su da Hausa ta ƙirga da Faransanci. Abu ɗaya da ya rage shi ne ni kaina: tana so ta roƙe ni maɓalli ɗaya daga rigata ya zama Kaka, ta bi da shi hanyar a gabana. A gidan nan, in ji uwar, da makarantarsu, abin da yaro ya shimfiɗa a kan tabarmarsa ba mai taɓawa sai shi.

Nan ne ya kamata in ce ban sani ba, a yi haƙuri. Maimakon haka sai girman kai ya hau ni. Na ce shara shara ce, kuma wannan shi ne abin da nake faɗa, an mayar da yarinya mai tsince-tsince a bola, jibi-jibin nan zan tafi da ita. Uwar Binta tana durƙushe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba, haka ka yi wa 'yan tsanata."

Na ce ban san zancen da take yi ba. Ƙarya na yi. Tana da shekara shida ta riƙa tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin kekena tana ɗinka wa 'yan tsana riguna a ɓoye. Ranar da na gani, na ce wasa take yi da sana'a kuma tana ɓatar mini da allurai, na jefa su a murhu, na buga mata sandar awo a bayan hannu. Daga ranar ba ta ƙara riƙe allura ba. 'Yar tela ce, amma ko maɓalli ya cire mata sai ta kai wa wani. Shekara ashirin da wani abu ina ganin haka ina cewa lalaci ne.

Mamman Sani, wanda na zaga a waya, shi ya kashe wutar. Ya ce ba zai yi jayayya da surukinsa ba, roƙonsa ɗaya ne: in je makarantar kwana uku in zauna in gani, bayan nan duk abin da na faɗa za a zauna a duba. Na amsa don ina da tabbacin zan samo hujja.

Makarantar, su suna cewa lekol, a cikin wani gida take bayan masallacin unguwa. Mai ita Hadizatu, mace mai kimanin shekara hamsin, ita ma haifaffiyar nan, yara suna kiranta Tata. Ta gaishe ni da ladabi, ta ba ni 'yar kujera irin ta yaran, gwiwoyina suka kusa taɓa gemuna. Ta ce doka ɗaya ce ga baƙo: hannu a kan gwiwa, baki a rufe, sai in yaro ne ya zo ya tambaye ka.

Ɗaki ne babba, an jera akwatunan katako irin na tumatir da ta samo a kasuwar Sandaga, an goge su an mayar da su kanta daidai tsayin yaro. A kai akwai tire-tire: wannan wake da cokali, wannan buta da kofi da tsumma, wannan yashi, wannan zare da 'yan duwatsun wuya, wannan katako da aka yanka manya da ƙanana. Yara wajen ashirin, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba. Kowa ya shigo sai ya ɗauki 'yar tabarmarsa ya shimfiɗa, ya je ya zaɓi tire. Na zauna ina jiran hayaniya da doke-doke. Akwai surutu, ba zan ce babu ba, amma irin surutun shagon da kowa ke kan aikinsa. Wata yarinya ta zubar da ruwa, na ɗaga kai in ga tsawar da za a yi mata. Ba wanda ya ko kalle ta. Ta ɗauko tsumma ta goge, ta matse a bokiti, ta ci gaba. Yara biyu suka kama tire ɗaya suna ja, Tata ta zo ta tsuguna ta tambaye su yaya za a yi, tire ɗaya ne mutum biyu. Suka yi ta muhawara kamar dillalai, ƙarshe ɗaya ya yarda ya jira, ya zauna ya zuba wa ɗayan ido kamar mai gadi.

Jarrabawata ta zo ne daga wani yaro mai suna Yakubu. Ya ɗauko wani katako da aka ɗaura wa ƙyalle biyu, ɗaya da maɓallai ɗaya da ƙofofinsu, ya zauna dab da ƙafata yana ƙoƙarin ɓallawa. Ku tuna ni tela ne. Yaro yana tura maɓalli ta gefen da ba shi ba, ya zame, ya sake. Yatsuna suka fara motsi da kansu. Ban san lokacin da hannuna ya bar gwiwa ba, sai na ji an taɓa kafaɗata. Tata ce. Ta dubi hannun, na mayar da shi. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya yaron nan yana gwadawa. A na sha biyu maɓalli ya shige. Bai dubi kowa ba, bai nemi a yaba masa ba. Ya ja numfashi, ya ɓalle shi, ya sake daga farko.

Sai na tuna yadda ni kaina na iya ɗinki. Maigidana ya yi shekara biyu yana dukana a kan kalmasa ban iya ba. Na iya ne a ranakun kasuwa, in ya tafi ya bar ni da shago, in hau keken a sace in yi ta ɓata ƙyalle ba mai kallona. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa yarda in faɗa wa kaina ba.

Da aka tashi na tare Tata da tambayoyin da na taho da su. Na ce yaron da ya ga dama ya yi wata guda yana zuba ruwa fa? Ta ce ta taɓa samun irinsa, ta ƙyale shi, ranar da ya ɗauki fensir hannunsa bai yi rawa ba. Ta nuna mini littafin da take rubuta abin da kowane yaro ya zaɓa a kowace rana, da abin da za ta ajiye masa a kanta gobe don ya ci karo da shi. Ba ta ɓoye mini ba cewa akwai iyayen da suka cire 'ya'yansu don ba sa jin ana rera a-ba-ca-da, akwai kuma yaron da sai ta kama hannunsa ta zaunar da shi, don barin yaro ya zaɓa ba shi ne barinsa ya cuci wani ba. Na ce to addini fa? Ta yi dariya ta ce in tambayi amaryata Fatiha, a gefen sallayar ubanta ta ɗauke ta, da yamma kuma suna zuwa Islamiyya. Ni ma na faɗa mata abin da na gani: ƙofofin maɓallan nan an yi su da ƙunci, wanda ya ɗinka bai san aikinsa ba. Ta ce ita ce ta ɗinka. Kunya ta kama ni, ita kuwa ta kwaso su duka ta zube mini a cinya. Ta ce, "Wannan shi ne namu, Baba. Mu gyara wuri, mu koma gefe."

Kwana uku na yi ina zuwa. Na ga Binta ta ɗauki tiren yashi tana zana harafin farko na sunanta da yatsa, ta share, ta zana harafin ba na Larabci da ɗigonsa a ƙasa, ta share. Ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba. A gida in na ce amarya, sai ta ce wa uwarta a gaya wa tsohon nan ta yi yaji. Kowa ya yi dariya, amma ni na san ba wasa ba ne duka. Tabarmar tana nan a jingine inda na bar ta.

To wanda matarsa ta yi yaji biko yake zuwa. Na ɗauki leda na fita neman marafan kwalba. Na bi titi har wajen kasuwar da suke kira Dakar, dattijo da babbar riga yana sunkuyawa a bakin kwata. Na sami wani wuri da suke zube da yawa, masu kyau, masu launi, na duƙa ina ta kwasa. Sai na ji an ce, Malam Isyaku, lafiya? Alhaji Tanimu ne, mutumin garinmu da ke kawo albasa Duwala. Ya leƙa ledar, ya dubi ƙofar da nake tsugune a gabanta, ya riƙe baki. Ashe mashaya ce, marafan giya na cika leda da su. Ya ce in labarin nan ya isa Gombe ba mai ƙara ba ni ɗinkin rigar liman. Na zubar, ya kai ni wurin wani mai sayar da lemo ɗan Maruwa, aka tara mini masu tsabta. Dabino na saya na ci don ƙwallayen, ashana kuwa na juye 'ya'yan a aljihu na ɗauki kwalayen. Tanimu ya riga ni dawowa Gombe, na san ya ba da labarin, to ga shi na faɗa da bakina.

Na wanke su na shanya. Na shimfiɗa tabarmar a lungunta, na ajiye ledar a gefe, ba a kai ba. Na kira Binta, na tsuguna har idona ya yi daidai da nata, na ce na share mata hanya ban tambaya ba, ban kyauta ba, ga kayan biko. Ta leƙa ledar ta ce marafanta sun fi waɗannan kyau. Ta tafi abinta.

Sai a rana ta biyu da hantsi, ina baranda ina gyaran ƙofofin maɓallan Tata, na ji ƙarar marafai. Ban ɗaga kai ba. Can ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, daga Gombe sai ina? Na ce Yola. Ta ajiye. Muka bi hanya ina ba ta labari, har jandarma da burodi da yaron ayaba. Ta sa Ngaundare kafin Garwa. Bakina ya buɗe, na cije leɓe, na danne hannuna a gwiwa. Ta jera jirginta, ta tsaya tana kallo, ta ce in sake faɗa daga iyaka. Na sake. Ta ce to ai jirgi ba ya tashi daga Garwa, ta musanya su da kanta.

Saura kogi, igiya kuwa ba ta cikin ledar. Ta shiga ɗakina tana bincike, sai ga ta ta fito da dorinar nan tana ja a ƙasa. Uwarta tana bakin ƙofar kicin, ta ga abin, ta gane. Binta ta tambaye ni wannan na mene ne. Ba ta taɓa ganin irinta ba. Na ce ban san amfaninta ba. Ta ce ita ta sani. Ta lanƙwasa ta a kan tabarma kusa da Garwa, ta zama kogin Binuwai. Sannan ta zo ta kama maɓallin wuyan rigata ta ce wannan take so. Na ba ta almakashi ƙarami, na riƙe mata rigar kawai, ta yanke da kanta. Ta bi da Kaka tun daga Gombe, ya tsallake kogi, ya hau jirgi, ya iso Duwala. Ta ce yaji ya ƙare, amma kada in ƙara.

Ga amsarka, Alhaji Buba. Yarinya tana New Bell, dorina tana kan tabarma, allon kuwa na ajiye shi a kanta daidai tsayinta, ranar da ta ga dama ta ɗauka. Mamman Sani na nemi afuwarsa a hanyar masallaci, bai ma bari na ƙarasa ba.

Guda ɗaya ya rage, shi ne mai nauyin. Na yi ta ɗagawa har ranar tafiya. Da safe, jakata tana bakin ƙofa, mai babur yana jira, na je wurin wani tela a lungun na roƙi ƙyallayen da ke ƙarƙashin kekensa, na haɗa da allura da zaren da ke aljihuna. Na sami uwar Binta a kicin tana ɗaure mini guzuri. Ta durƙusa za ta yi mini sallama, ni ma na durƙusa. Ta firgita za ta miƙe, na ce ta zauna. Na ajiye ƙunshin a gabanta. Abin da zan faɗa bai taɓa fitowa daga bakina ba.

Na ce, "Rakiya."

Ta ɗago da sauri, ta dubi bayanta kamar wata ake kira.

Na ce, "Ƙarya na yi miki ran nan, na tuna. 'Yan tsanan su uku ne, ɗaya da rigar shadda shuɗiya. Kafin in jefa a wuta na juya rigar na duba kalmasar. Ta fi wadda nake yi ina da shekara goma sha biyu. Na gani, ban faɗa miki ba, na doke hannun da ya yi ta. Ni ne na yi laifi, ba ke ba. Rakiya, ki yafe mini."